Ƙorafi Kan Tsohon Jadawalin da Shafin Kwaleji Ya Nuna wa Ɗalibata

Daga: Malamin Lissafi na Aji Biyu, Sashen Karatun Manya
Zuwa ga: Mai Girma Magatakardan Kwaleji
Ta hannun: Shugabar Sashen Karatun Manya
Kwanan wata: Litinin, 27 ga Mayu, 2024

Game da: Hana ɗaliba jarrabawar ƙarshe sakamakon tsohon jadawali, da ɓoye dalilin hakan ga kwamitin bincike

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Shekarata goma sha tara a kwalejin nan, ban taɓa rubuto irinsa ba. Wannan ma sai da na bari kwana huɗu suka wuce, don kada fushi ya riƙe mini alƙalami.

1. A farkon zangon nan ofishinka ya sanar cewa an daina liƙa jadawali a allo, shafin intanet na kwaleji ne kaɗai abin dogaro. Ni na karanta wa ajina sanarwar. Na kuma ƙara da bakina cewa duk abin da suka gani a shafin su riƙe shi, ni na tsaya masa.

2. A cikin ɗalibaina goma sha ɗaya akwai wata tela, uwar 'ya'ya huɗu, wadda 'yan aji suke tsokana da Anti Agogo, domin ko mai shara ba ya riganta zuwa. Shekara biyu tana rufe shago da rana don wannan takardar shaida. An ce jadawalin ƙarshe zai fito ranar Litinin, 13 ga Mayu, da ƙarfe biyar na yamma. Biyar daidai ta buɗe shafin, ta ga jarrabawar lissafi ranar Talata ƙarfe biyu na rana, ta ɗauki hotonsa a wayarta. Ashe tun biyar saura minti goma an mayar da ita ƙarfe tara na safe. Sauran goman, da suka duba bayanta, tara suka gani. Ranar Talata ta iso ɗaya da minti ashirin, da fensir biyu a fiƙe, ta tarar an gama jarrabawa, ana jera kujeru.

3. Ranar Alhamis, 16 ga Mayu, kwamitin bincike, wanda nake cikinsa, ya zauna kan maganarta. Jami'in Kwamfuta ya shaida cewa an sauya jadawalin kafin biyar, kuma hoton da ke wayarta yana iya zama na makon jiya. Aka yanke cewa sakaci ne, sai ta jira baɗi. Ni ma na sa hannu. Da muka fito baranda har na yi mata nasiha a hankali cewa mantuwa ba abin kunya ba ce, ba sai an rufe ta da wani zance ba. Ba ta yi musu ba. Ta dai dube ni, ta ce ta gode, Malam.

4. Hankalina bai kwanta ba. Kasancewar malamai muna iya gyara sanarwar ajinmu, sai na yi gwaji ranakun 20, 21 da 22 ga wata. Kullum nakan sauya kalma ɗaya, in dakata, sannan in buɗe shafin a wayata. Duk sau ukun, buɗewar farko tsohuwar kalma ta nuna, ta biyu kuma sabuwa. Na rubuta lokutan, suna haɗe da wannan takarda.

5. Ranar Alhamis, 23 ga Mayu, na sami Jami'in Kwamfuta a ofishinsa. Ina roƙon a lura: ɗalibina ne a da, ni na rubuta masa takardar shaidar hali da ya nemi aikin nan, har yau Baba Malam yake ce mini. Ko takardar gwajina bai gama karantawa ba ya yi mini bayani. Ya ce tsakanin mai dubawa da ainihin shafin akwai wata na'ura mai ajiye kwafi, don shafi ya riƙa buɗewa da sauri. In kwafin ya tsufa, ba ta sa mutum jira. Sai ta miƙa wa wanda ya fara zuwa tsohon, sannan ta zagaya ta ɗauko sabo ta ajiye wa na baya. Kamar masinja ne da zai ba ka sanarwar jiya a bakin ƙofa, sai ka juya baya ya shiga ciki tambayar ko an sauya. Ya ce shi ya kunna tsarin a watan Fabrairu, da aka dame shi cewa shafin yana nauyi. Ya ce ai kowa ya san a buɗe shafi sau biyu. Ranka ya daɗe, ni ban sani ba, tela ma ba ta sani ba, ba a kuma rubuta haka a sanarwar ofishinka ba.

6. Na tambaye shi ko ya san da wannan a ranar da ya tsaya gaban kwamiti. Ya ce ya sani. Ya ce bai yi ƙarya ba, abin da aka tambaye shi ya amsa. Sannan ya roƙe ni in bar maganar, saboda a watan gobe za a tabbatar da shi a aiki. Ba na zargin na'ura, abin da aka sa ta ta yi. Abin da ya tsaya mini shi ne ranar nan yana zaune kusa da ni, yana kallo na ɗauki biro na sa hannu.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon:

(a) A karɓo rajistar na'urar ta ranar 13 ga Mayu, wadda za ta nuna kwafin da aka ba ɗalibar da ƙarfe biyar. Jami'in ne ya gaya mini tana gogewa da kanta bayan kwana talatin, wato ranar Laraba, 12 ga Yuni.

(b) A ba ɗalibar jarrabawarta a wannan zango. Zan shirya sababbin tambayoyi, wani malami ya duba su ya kuma yi makin.

(c) A cire shafukan jadawali da na sakamako daga wannan tsari. Gara ɗalibi ya jira daƙiƙa biyar.

(d) A soke sa hannuna a rahoton kwamiti, a rubuta dalili.

Ba korar Jami'in nake nema ba. A sa shi ya koma gaban kwamiti ya faɗi sauran maganar, ya ishe ni.

Tun ranar zaman kwamiti, ɗalibar ba ta sake takowa kwaleji ba. Shekaranjiya ta aiko wata 'yar ajinsu da littafin lissafin da na ara mata, ta sa masa sabon bango, tare da saƙon cewa ba ta riƙe ni da komai ba. Ina da niyyar zuwa shagonta in ba ta haƙuri, amma ba na son in je da baki kawai. Ina roƙon in je da takarda daga ofishinka mai ɗauke da rana da lokaci.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Malamin Lissafi na Aji Biyu
Sashen Karatun Manya