Hayaƙi a Man Kaɗen Mma Sanatu

Litinin, 7 ga Agusta

Kwana tara ke nan ruwa bai bar Tamale ta ga rana ba. Yau matan ƙauyenmu suka kawo ƙwarar kaɗe buhu arba'in, Goggo Lamihi a gaba. Ni ce mai duba kaya a kamfaninmu na man kaɗe, kuma tun kafin in kwance buhun farko na ji shi. Hayaƙi. Sun kyafe ta a kan wuta, yadda ake yi tun kakanni in damina ta hana shanya. Kuma shi ne abu ɗaya da kamfanin Holan mai sayen manmu ya ja wa layi biyu a yarjejeniya: ban da hayaƙi, don man shafa na jarirai suke yi da shi, dokar ƙasarsu ba ta yarda ba.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni daga sama: "Napari, buhuna za ki shinshina? Ni da na karɓe ki daga hannun ubanki kina shekara huɗu?" Mata suka kwashe da dariya. A ƙasarmu ta Dagbon wa ke ce wa ƙanwar ubansa a'a, balle wadda ta raine shi? Na buga hatimi, aka shigar da su.

Laraba, 9 ga Agusta

Buhu arba'in cikin ɗari shida. In an gauraya wa zai ji?

Litinin, 14 ga Agusta

Mai ya daskare, an zuba a kwalaye. Ni ke ɗibar samfurin da ake kaiwa ɗakin gwaji a Accra. Na ɗiba daga kwalayen da aka yi kafin ƙwarar Goggo ta shiga. Ko jinkiri ban yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ina cikin liƙe kwalba Mma Sanatu, mai kamfanin, ta leƙo. "'Yar boko, wannan farar rigar taki ta likita ce ko ta mahauci?" Ta yi gaba tana dariya, ta je ta zauna cikin masu kirɓa, ta sa hannu a kwanon tuwonsu. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba, da tsintar kaɗe ta fara, yau mata ɗari uku ke ciyar da gidajensu da wannan kwangila tata guda ɗaya. Ta san sunan kowacce, da na mijinta, da ciwon da ke damunta. Ina ƙaunar matar nan. Yau na kasa haɗa ido da ita.

Alhamis, 17 ga Agusta

Sakamako ya fito fes. Kwantena ta kama hanyar Tema, tashar jiragen ruwa. An yi guɗa, an raba shinkafa da wake. Nawa ya huce a gabana.

Juma'a, 18 ga Agusta

Shi ke nan.

Ashe duk lodi sai Mma ta gutsuri mai daga kwalin ƙarshe ta soya ƙosai da shi a gidanta. Shekara uku ina aiki nan ban sani ba! Da safe ta dire min leda a tebur. "Ci." Na ci. Ga shi nan can bayan harshe. "A gas na soya, kar ki ce min itace ne." Sau ɗaya ta tambaya: "Buhun wa?" Na faɗi komai, har da yadda na zaɓi samfuri. Na yi kuka har da majina, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Mba Ziblim, mai kula da lodi, ya ce: "Haba Mma, takarda ta fito lafiya lau, Talata jirgi zai tashi. Baturen da ko barkono bai iya ci ba, shi zai ji hayaƙi?"

Ta ce: "Ziblim, jaririn da za a shafa wa ya karanta takardar?" Ta sa shi ya kira direba a gabanta, ya ce ya juyo da mota.

Ni ko kallona ba ta yi ba. Da ma marina ta yi.

Litinin, 21 ga Agusta

Mma ta kira Madam Annelies, wadda muke ciniki da ita a Holan. Ni ce tafinta kullum, yau ma ni ta zaunar. Na zaci hukuncina ke nan, a sa ni in tona kaina da bakina. Ashe ba haka ba.

"Gaya mata akwai hayaƙi a man, kuma takardar da muka aika ba gaskiya ba ce." Tsoro ya sa na saka "wataƙila" a ciki. Ta dafe min gwiwa: "Turancina kaɗan ne, amma na san wannan kalmar. Ban faɗe ta ba. Cire."

Sannan: "Gaya mata laifina ne. Ni 'yar Dagbon ce, na san ba a ce wa goggo a'a, amma na tsayar da mutum a gaban wadda ta raine shi na ce ya duba mata kaya. Wanda ya tsara aiki haka shi ya yi kuskure."

Na fassara. Madam ta ce ta gode, amma shugabanninta za su so sunan wanda ya ɗibi samfurin, kuma a sallame shi, kafin a sake wata magana. Mma ta ce: "Suna ɗaya gare ni da zan ba ki, Sanatu Neindow."

Kai! Ban taɓa ganin mutum irin wannan ba.

Asabar, 26 ga Agusta

Mun je ƙauye. Mma ta durƙusa wa Goggo, ita da ke da kamfani! Ba ta kama sunan kowa ba. Ta ce za a kafa rumfar shanya mai rufin leda a kowane ƙauye, kuma daga yau ba mai duba buhun garinsu. Wata ta ce da wannan hayaƙin aka raine mu, ga mu ba mu mutu ba. Mma ta ce: "Ni ma da shi aka raine ni, dube ni kamar buhun masara. Amma na yi musu alkawarin babu, to babu."

Goggo ta gane da ita ake. Da na je sallama ta kau da kai: "Gaida Turawanki."

Talata, 12 ga Satumba

Daga Holan sai maimaici kawai: suna suke so. An sayar da man ga masu sabulu a kasuwar Aboabo. Injin niƙa a kashe. Masu kirɓa kan zo da safe su zauna a inuwa, azahar su watse. Ɗaya ta ce min ta koma ɗaukar ruwa a wurin gini. Ta faɗa tana dariya, ba ta san da wa take magana ba.

Alhamis, 21 ga Satumba

Na ji Mba Ziblim ta taga: "Mata ɗari uku, Mma, saboda yarinya ɗaya?" Ta ce: "In na miƙa ta, gobe duk wanda ya yi kuskure ɓoyewa zai yi, sai in ji a bakin Bature. Ka bar ni in nemo wani mai saye." Wane mai saye? Shekara shida ta yi kafin ta sami wannan. Ta rame, zobenta har juyawa yake.

Laraba, 27 ga Satumba

Na rubuta wa Madam. Layi biyar. Na wanke farar rigar na ninke.

Juma'a, 29 ga Satumba

Mma ta kira ni ofis, ta miƙo waya: "Saƙo ya zo daga Holan, karanta min." Wasiƙata ce Madam ta turo mata. Haka na tsaya na fassara tonon asirina kalma kalma, ban saka ko "wataƙila" ɗaya ba.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa, Mma."

"Mai taurin kai. Wata guda ina tare miki ƙofa, kin fita ta taga. Karanta na ƙasa."

Amsar Madam ce: rabin kwantena, na gwaji, a watan Nuwamba. Mutuminsu zai zo ya tsaya a kan ɗibar samfuri. Maganar sallama sun bar wa Mma. Rabi kawai, rabin matan za su ci gaba da zaman inuwa har Allah Ya sa su yarda da mu kuma. Ta juya tana gyara kallabi ta daɗe, na san hawaye take ɓoyewa. "Je ki sa rigar mahautanki, ki ce wa Ziblim ya kunna inji."

Ni dai ba wata jarumta na yi ba, gajiya na yi da ganin matan nan a inuwa. Haka nake gaya wa kaina.

Gobe zan je ƙauye ni kaɗai. Goggo ba ta san iyakar abin da buhunanta suka jawo ba, kuma ni ce ban faɗa mata ba ranar da ya kamata. Zan durƙusa in faɗa. In ta shige ɗaki, ina nan a ƙofa har ta fito.