Marin da Aka Yi wa Ɗana a Wurin Tantancewa

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Tantancewa na ƙungiyarmu a nan Riyad.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Sani direba, mai ɗaukar kayan gwari a kasuwar Utaiƙa, mahaifin Faisal, saurayin da aka fitar da jini a kunnensa gabanka ranar Juma'ar da ta wuce.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, a nan aka haifi Faisal, bai taɓa taka gida ba. Shekarunsa sun kai ya fita daga igamata, wato takardar izinin zamana, dole ya yi fasfo nasa, kuma sai da shaidar kwamitinku cewa ɗan Najeriya ne. Kuka ce sai ya ci jarrabawa, wai don a tace 'yan Nijar. Na amince. Ina tuƙi yana gefena ina bita masa: sunan garinmu, mai unguwarmu, taken ƙasa. Abin da na baro na koya masa. Ashe mai unguwar ya rasu tuni, taken ma an canza shi. Wa ya sanar da mu?

Na biyu. A istirahar nan, gidan taron da kuka kama haya a Suwaidi, yaron ya miƙe ya rera taken da na koya masa, ana ta dariya. Ya ruɗe, Hausa ta ɓace masa, ya ba da haƙuri da Larabci. Nan mai tsaron ƙofarku, wannan ƙaton mai jar hula, ya ce yaron zaginku yake yi, ya shaƙe shi, ya wanka masa mari har ya faɗi kan kujeru, ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari. Kana zaune, Alhaji, da kofin shayi a hannunka. Ko tari ba ka yi ba.

Wallahi akwai ƙarfen kwance taya a motata. Na fita, na ɗauko shi, na iso bakin ƙofa. Abin da ya tsayar da ni guda ne: in na fasa kan mutumin nan, 'yan sanda za su zo, wanda za su fara tambaya takarda shi ne ɗana. Na mayar da ƙarfen ina kuka da girmana. Likita ya ce dodon kunnen hagu ya fashe.

Na uku, ita jarrabawar taku. Akwai wanda ya amsa komai ranar, har kuka tafa masa. Maƙwabcina ne, mutumin Maraɗi, kullum kunnensa na kan rediyo, ya fi ni sanin gwamnoninmu. Ba zan faɗi sunansa ba, shi ma neman mafita yake. To me kuka tace? Shiga Utaiƙa ka tara direbobi da leburorinmu, masu fasfo a aljihu, ka ce su rera sabon taken. In sun kasa, duka za ku mare su?

Buƙatuna: a kawo mai tsaron ƙofar nan gaban jama'a ya amsa laifinsa. Ƙungiya ta ɗauki maganin kunnen. A karɓi fasfona da takardar haihuwar Faisal a matsayin shaida, kafin wa'adin zamansa a kan igamata ya cika. In ya cika aka kama shi, ƙasar da kuka ce ba tasa ba ce za a jefa shi, bai san kowa ba.

Juma'a mai zuwa zan dawo, ni kaɗai, hannu wofi. Ku yi mini tambayoyin, ni ne na koya masa. In na faɗi, ga kuncina, a gaya wa mai jar hula ya zo.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa kada ka taɓa ɗaga ɗanka daga ƙasa mutane suna kallo.

Wassalam.

Sani direba, Utaiƙa, Riyad.