Matar Tashar Bis

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

'Yata Mutmainna ta bugo daga Villeurbanne, can gefen Lyon. Wai ita da abokan karatunta sun haɗa fim, za a nuna a wani ƙaramin gidan silima a Lyon, in zo. Injiniya na tura ta ta zama. Na ce wane irin fim? Ta ce na masu laifi, amma "ba irin na harbe-harbe ba, Maman, a hankali yake tafiya." Na ce mata Allah bai halicci dare da rana don a zauna cikin duhu ana kallon ƙarya ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na je Bobigny kamar kowace Alhamis. Na tsaya a tashar bis da keken cefanena. Ya fito, ya sayi burodi, ya gutsuri kan yana ci a hanya. Ya yi ƙiba. Mutumin da ya take mijina Malam da kamiyo, babbar motar kaya, a kan layin masu tafiya a ƙasa, salula a kunnensa, alƙali ya ce ya tafi gida kada ya sake. Malam yana ƙasa, shi yana cin burodi. Ban taɓa yi masa magana ba, bai ma san fuskata ba. So nake in ga ranar da Allah zai kama shi, da idona. Allah ya isa. Allah ya isa.

Ba wanda ya san ina zuwa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Zan je Lyon, don in ja mata kunne gaba da gaba. Hajiya Ramatou maƙwabciyata ta ce sai ta raka ni, wai ba ta taɓa shiga silimar Turawa ba. Ta soya cincin.

Asabar, 16 ga Nuwamba, Lyon

Ina ɗakin Mutmainna, ta fita sayo madara. Bari in rubuta kafin ta dawo.

Fim ɗin ba magana sai kaɗan. Wata mata ce baƙa, mai manyan shekaru, wani direba ya kashe mata miji, aka sake shi. Tana bin sa. Shi ke nan. Ana nuna ruwan sama a kan gilas, ana nuna fitilun motoci, ana nuna hannunta a kan keken cefane. Akwai wuƙa a ƙasan kayan miya, an nuna tun farko. Mutum ya yi ta jira.

Ramatou ta buɗe cincin, ledar na ƙara, wani tsohon Bature ya juyo ya ce shhh. Can ta ɗaga murya: "Ke baiwar Allah, soke shi mana mu tafi gida!" Na mintsine ta. Amma ni ma abin da ke raina ke nan.

Ba ta soke shi ba. Fim ya ƙare tana tsaye, bis ya zo ya wuce, ya zo ya wuce.

Sai da aka kusa ƙarewa na lura ni ce. Yadda take naɗe bakin mayafi a yatsa. Yadda take jingina keken a ƙafar hagu. Kuma mutumin yana gutsurar kan burodi a hanya.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, cikin jirgin ƙasa

Jiya da aka kunna fitila aka ba mutane dama su yi magana. Tsohon Baturen nan ya ce haske ya yi kyau, shirun ya fi kiɗa. Kyau! Ana maganar ran mutum yana maganar haske. Wani saurayi mai ɗan kunne ya ce ya kusa yin barci, a yanke rabi. Allah ya jarrabe ka da jira, ɗan nan, ka ga ko ana yanke rabi. Wata ta ce an yaudare ta, an nuna wuƙa ba a yi aiki da ita ba. Da ita na yarda. Labarin da azzalumi bai ga sakayya ba me yake koya wa yara?

Amma ta Ramatou ce ta fi ci mini rai. A bakin ƙofa, gaban Mutmainna: "Ni matar ce ta ba ni haushi. Ba ta da 'ya'ya ne? Mai kamiyo yana rayuwarsa, ita ta mai da kanta gunki a bakin titi. Ai ita ya kashe, ba mijin ba." Tana dariya, bakinta duk garin cincin.

Ba zan sake ba ta aron tukunyata ba har abada.

Na tsare Mutmainna da safe. Na ce tun yaushe? Ta ce tun tana lycée, wato sakandare. Ta taɓa fashin makaranta wata Alhamis, ta hango ni, ta bi ni. Daga nan ta riƙa bi. "Kina kallon shi, ni ina bayanki ina kallon ki, Maman. Ba ki taɓa waiwayowa ba."

Na ce ta tona mini asiri gaban arna. Na ce 'yar halak ba ta sayar da hawayen uwarta don tafi. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ba ta rako mu tashar jirgi ba.

Ni ba na ɗaukar wuƙa. Wannan ƙari ne ta yi. Sau ɗaya ne kawai, kuma ta yankan kubewa ce na manta a cikin keken.

Talata, 19 ga Nuwamba

Mutmainna ta bugo sau biyu, ban ɗauka ba. Ta ji yadda jira yake.

Ramatou ta baza labari a wajen matan unguwarmu ta La Courneuve, wai fim ɗin 'yata maganin rashin barci ne. Na tare ta a matakala na ce wanda ya saba da fim ɗin rawa da waƙa ina zai gane aikin hankali. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Fim ɗin dai bai da tarbiyya, ban canja ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na sa mayafi, na jawo keken har bakin ƙofa. Sanyi ya yi yawa yau, gwiwata kuma tana ciwo. Shi ya sa ban je ba. Ba don komai ba. Allah yana ganin sa ko ina nan ko ba na nan.

Na daka yaji, na gasa kilishin da Mutmainna take so, na ɗaure a kwali. Gobe in kai gidan waya. Yarinyar ta rame, wuyanta kamar na zabuwa, ban san tun yaushe ba.

Na buga mata. Ta ce "Maman?" Na ce wannan matar taki ta fim, in bis na gaba ya zo, ta hau mana, ƙafa ai ba ƙarfe ba ce. Ta ce ba ta san inda matar za ta ba. Na ce sai ki tambaye ni, mara kunya.