A Dawo da Ƙuri'ar Gidan Waya

Landan, Nuwamba 1998

Zuwa ga Yaya Maikano,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ka gaida Safara'u da yara. Ni lafiya lau, sai gajiya.

Na samu wasiƙarka. Ka ce a zaɓen shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Badafi, sakatare Dikko ya soke ƙuri'ar gidan waya ga mu na waje, sai imel, wai saƙo yana makara. Gaskiyarsa, yana makara. Amma da ni ya kafa hujja, wai ga Gwadabe can a ofis, kwamfuta a gabansa. Yanzu su Malam Isa da ke dako a Jidda sun rasa ƙuri'arsu, alhali da guminsu aka yi rufin makarantarmu.

Yaya, alhakinsu yana wuyana. A ofis nake aiki, ban yi ƙarya ba. Sai dai kwamfutar nan goge mata ƙura nake yi. Da kuka ɗauka akawu ne ni, na ji daɗi, na yi shiru. Har Dikko yana min kirari da "Baturen Badafi", ni ko tsintsiya a hannu.

Don Allah ka tashi a taron Juma'a ka roƙa a dawo da gidan waya, ko da za a ɗage zaɓen. In sun nemi dalili, ka karanta musu wannan. Inna dai ka bar min ita, ni zan faɗa mata.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Gwadabe