Biyu da Ɗaya a Filin Gidan Yari

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Oga Timothy, gandiroban da ke kula da wasanni, ya ce an amince: 'yan ƙwallon Sabon Tasha za su shigo su buga da mu. Amma muddin aka yi faɗa, mu da ƙwallo sai a mafarki. Ni ya zuba wa ido. "Nuhu, ka ji ko?" Na ji.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ba mu da gola sai Chinonso, bakaniken Kakuri da ke jiran shari'a. Hannu kamar faranti, ga tsoron ƙwallo. Na yi ta dirka masa ƙwallo har ya daina rufe ido.

Asabar, 11 ga Mayu

Inna ce a raina yau. Ita da ke ɓoye mini takalmin ƙwallo a buhun masara don in tafi makaranta. Ina nan ciki aka binne ta a Tudun Wada. Ban fita atisaye ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Mun ci! Wallahi mun ci!

An kwana ana ruwa, fili duk taɓo. Su da riguna iri ɗaya, mu kowa da singiletinsa. Su suka fara zura mana. Sam, ɗan ɗakinmu, ya farke da ka.

Wani dogo mai tsaron bayansu ya yi ta taka ni. Da ya ga ban kula ba sai ya raɗa mini, "Ka ci ka kai wa wa? Nan za ka ruɓe." Idona ya rufe. Hannuna har ya dunƙule. Sai muryar Chinonso daga raga: "Nuhu, abeg, don Allah! Ƙwallo! Ƙwallo!" Na juya na bi ƙwallo. Ba a jima ba na yanke dogon nan, ya zauna daɓas a taɓo, na zuba ta biyu.

Dab da tashi aka ba su fenareti. Chinonso ya tare da fuska. Hanci na jini, shi yana dariya. Muka ɗaga shi sama. Oga Timothy har da jefa hula, babban mutum!

Lahadi, 19 ga Mayu

Ƙafa ta kumbura suntum. Ko a jikina.

Talata, 28 ga Mayu

Kotu ta sallami Chinonso. Duk ranar da aka saki wani, bango nake juya wa fuska, abinci ma ba ya shiga. Yau ni na riƙe masa ledar kayansa har ƙofar da ba a barinmu mu wuce. Ya ce, "Garejina na nan a Kakuri, ranar da ka fito kar ka tsaya ko'ina." Na ce ya tafi kafin su canza shawara.

Na dawo na cinye rabona tas, har na nemi ƙari. Wataƙila waken ne ya yi daɗi yau.