Fuskar Kakata Tana Narkewa a Jikin Zani

Madam Solange,

Ina karanta shawarwarin da kike ba masu rubuto miki a jarida. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, ba ni da wanda zan faɗa wa. Shekarata goma sha biyar, ina aji huɗu a sakandare a garin Fécamp na ƙasar Faransa. Kakana, Anselme, ya shirya finafinai tun kafin fim ya fara magana. Yanzu ba mai tuna shi, ya kuma makance. Fim ɗaya ya rage masa: matan masunta suna jira a bakin teku, marigayiya kakata Léonie a tsakiyarsu. Yakan ce fuska a cikin haske ta fi baki iya magana.

Duk Lahadi bayan an tashi daga coci ina zuwa gidansa, in rataya farin zani, in juya majigi, in riƙa gaya masa abin da ke fitowa. 'Yan ajinmu suna tafiya silima, ba su taɓa gayyatata ba, ni ma ban san me zan ce musu ba.

Madam, fim ɗin ya fara ruɓewa. Yana danƙo, yana wari. Daidai inda kakata take juyowa, yanzu baƙin tabo ne. Ni kuwa sai in ce masa tana murmushi. Idan na faɗi gaskiya, na sake kashe masa ita. Idan na yi shiru, sauran zai lalace. Ko za ki yarda in sake rubuto miki?

Mai juya majigi

*

'Yata,

Ƙaryarki ta tausayi ce, ba zan tsawata miki ba. Amma tsohon fim irin wannan yana kama wuta da sauƙi. Yau ɗin nan ki nisanta shi da murhu, kada ki ƙara juya shi. A Paris akwai masu adana tsoffin finafinai, suna iya ceto abin da ya saura. Ki roƙi malamarku ta tuntuɓe su, ki kuma ba wata 'yar ajinku labarin kakanki. Za ta saurara fiye da yadda kike tsammani.

Sannan ki faɗa masa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da fim a hannu ya san warin nan tun kafin a haife ki. Ina zaton ya daɗe da sani, yana yin shiru ne don kada ki daina zuwa ranar Lahadi. Ki je ko ba majigi, ki ce wannan karon shi zai ba ki labarin fuskar.

Ki rubuto duk sanda kika so. Allah ya sanyaya muku zuciya, ke da shi.

Solange