Kujera Ɗaya a Gaban Sifika

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Umma? Ki gaishe ta, amma kada ki karanta mata wannan takarda, don cikin fushi nake rubuta ta.

Kin tuna sifikun da ƙanin naki, maigidana, ya zuba wa kuɗin firjinmu bara, tun ba a ƙera su ba? Wai kamfanin sai ya tara gudummawar mutane ta intanet sannan ya fara aiki. Da yardata ya biya, ba zan yi ƙarya ba. Ya ce muryar mawaƙi za ta fito kamar yana tsaye a falonmu. Ni kuwa nan take na hango mu kan doguwar kujerarmu da yamma, ina karatu, yana wasa da yatsuna, kiɗa na tashi a hankali kamar yadda ake yi a littattafai. Haka na yi ta sayen ƙanƙara wurin maƙwabciya, kamfanin kuma yana ta aiko ban haƙuri: yau katako bai bushe ba, gobe jirgin ruwa ya makara.

To, sun iso. Kowacce ta kai min ƙirji, ga wani akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya wai shi amfilifaya, mai ƙara ƙarfin sauti. Na dawo daga kasuwa na tarar da doguwar kujerar a baranda. Ya auna falon da tef, ya dasa kujerar mutum ɗaya a tsakiya. Wai sautin ba ya haɗuwa daidai sai a wuri guda, kuma wurin kai ɗaya yake ɗauka. Kai ɗaya, Yaya! Mu biyu ne a gidan nan. Tun ranar a ɗakin girki nake zama da yamma.

Ki sa ni a addu'a kada na yi abin da zan yi nadama.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da ƙafar Umma ta yi sauƙi. Kin ce na yi haƙuri, sabon abu ne, ɗokinsa zai wuce. To saurari abin da haƙurin ya jawo min.

Ashe sababbin sifiku sai an horar da su kafin a saurara. Kwana da kwanaki suna shuuu kamar rediyon da ya rasa tasha, har kaina ya ɗauki ciwo. Da aka gama, abokansa na ƙungiyar masu gudummawa suka zo. Manyan mutane da gemunsu suna bin layin kujera ɗaya, kowa ya zauna ya rufe ido yana gyaɗa kai. Ni ce mai kawo ruwa. Da kofi ya yi ƙara a kan faranti, har da mai ɗora yatsa a baki.

Da suka tafi ya tuna da ni. Ya zaunar da ni, ya kama kaina da hannu biyu ya daidaita shi kamar mai aski, ya ce kada na motsa, shi kuma ya koma bayana ya tsaya. A nan idona ya sauka ƙasa. Littattafaina ne a ƙarƙashin sifikun, ya jera su don su ɗaga su daidai kunnensa. Ƙusoshin ƙafafunsu sun huda na sama, wanda ban ma gama ba, na baro yarinyar tana jiran saurayinta a tasha. Ban ji waƙar ba ko kaɗan. Ya tambaye ni ya na ji, na tashi na bar masa kujerarsa.

Taki cikin ɓacin rai,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ku duka da fatan alheri. Na yi abin, kuma ban yi nadama ba.

Yana fita aiki na kira maƙwabciya, muka zare littattafaina, muka fitar da kujerarsa baranda, muka maido doguwar wurinta. Na zauna a gefe guda da littafina mai huji ina jiransa.

Ya shigo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya fara maganar awo, na gaya masa in dai falon nan mutum ɗaya yake ɗauka, to gidan ma haka ne, ya zaɓi wanda zai zauna. Can ya kunna kayansa, ya zo ya zauna a ɗaya gefen yana ɓata rai, wai yanzu mawaƙin ya karkace. Sai na ji yana matsowa, yana miƙa wuya, yana matsowa, har kansa ya sauka a kafaɗata.

Na sani sarai, Yaya, tsakiyar sauti yake nema, ba irin ta littafi ba ce. Ban huce ba, kuma ya san ban huce ba. Amma ban janye kafaɗar ba har waƙar ta ƙare.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki mai sonki,
Auta